Ziyarar gidan zane-zanen zamani na Tokyo: tambayoyi da amsoshi

Wanda karatu ko kasuwanci ko wani taro ya kai shi Tokyo yakan samu rabin yini da ba shi da abin yi, kuma mafi yawa shagunan kayan lantarki na Akihabara suke nufa. Shawarata ita ce a ware awa uku a je gidan adana zane-zanen zamani na ƙasa, wanda aka fi sani da MOMAT. A hawa uku na ginin nan mutum zai ga yadda Japan ta shafe fiye da shekara 100 tana muhawara da kanta a kan abin da za ta karɓa daga Turai da abin da za ta riƙe na gado. Masu zane ne suka yi muhawarar, da buroshi da tawada da fenti, kuma ba sai ka iya yarensu ba za ka bi ta.

Wane gida ne wannan, kuma me ya raba shi da sauran gidajen tarihi na Tokyo?

Shi ne gidan zane-zane na farko mallakar gwamnatin ƙasar. An buɗe shi a 1952 a unguwar Kyobashi, aka dawo da shi inda yake yanzu a 1969, a gefen lambun Kitanomaru, daura da fadar Sarkin Japan. Taniguchi Yoshiro ne ya tsara ginin, Ishibashi Shojiro kuma, wanda ya kafa kamfanin tayoyin Bridgestone, shi ya gina shi da kuɗinsa ya miƙa wa ƙasa kyauta. Ayyukan da ke ajiye a ciki sun haura 13,000, daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa yau, amma kimanin 200 ake fitarwa a lokaci guda.

Ana yawan rikita shi da wasu gidaje biyu. In takubban samurai, mayaƙan Japan na da, da tsofaffin tukwane da sulke kake nema, gidan tarihi na ƙasa da ke Ueno za ka. In kuma aikin matasan yau kake so, da bidiyo da manyan abubuwan da ke cika ɗaki, akwai wani gidan a gefen lambun Kiba. MOMAT yana tsakanin su biyu.

Idan an ce "na zamani", daga yaushe ake ƙirga?

Daga 1868, shekarar da aka kawo ƙarshen mulkin shogun, wato shugabannin soja da ke riƙe da ƙasar, aka shiga zamanin Sarki Meiji. Kafin nan Japan ta yi sama da shekara 200 tana taƙaita hulɗa da ƙasashen waje, sai jiragen yaƙin Amurka suka iso gaɓarta a 1853 suka tilasta mata buɗe ƙofa. Sabuwar gwamnati ta ƙudurta cewa ba za a mallake ta ba, don haka ta shiga koyon duk abin da Turawa suka iya: jirgin ƙasa, likitanci, aikin soja, har da zane. A 1876 ta ɗauko wani ɗan Italiya, Antonio Fontanesi, don ya koyar da zane irin na Turai a wata makarantar gwamnati.

Ba a daɗe ba wasu suka fara tsoron kada a zubar da na gida. Okakura Tenshin da malaminsa Ernest Fenollosa, Ba'amurke da ya ƙaunaci tsohon zanen Japan, su ne kan gaba. Da aka buɗe Makarantar Zane ta Tokyo a 1889, ba a sa sashen zanen Turai a cikinta ba sam. Sai a 1896 aka ƙara shi, a ƙarƙashin Kuroda Seiki wanda ya yi karatu a Faransa. Tun daga nan hanyoyi biyu suka riƙa tafiya kafaɗa da kafaɗa, suna gasa, suna kuma aron dabarun juna.

To mene ne bambancin hanyoyin biyu, kuma yaya zan gane su da ido?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, domin in ka gane ta, sauran ziyarar ta zo da sauƙi.

Hanya ta farko sunanta yoga, wato zane irin na Turai: fentin mai a kan ƙyallen kanbas, a saka a firam a rataye. Za ka gane shi da ƙyalli da kaurin fenti, da inuwa, da yadda abu na kusa ke fitowa na nesa ya koma ciki.

Ta biyu ita ce nihonga, zane da kayan gado. Ba a kan kanbas ake yi ba, a kan siliki ne ko takardar gargajiya da ake yi da ɓawon itace. Launukan kuwa daga ƙasa suke. Ana niƙa duwatsu masu launi su zama gari: shuɗi daga wani dutse, kore daga wani, fari kuma daga ɓawon kawa na teku da aka bari ya daɗe a rana. Garin ba ya mannewa da kansa, sai an kwaɓa shi da wani danƙo da ake dafawa daga fatar dabbobi, kuma mai zane da yatsansa yake kwaɓawa a ɗan faranti. In an niƙa dutsen ya yi laushi sosai launin yakan yi haske, in an bar shi da tsaki-tsaki ya yi duhu, don haka daga dutse ɗaya ana samun shuɗi iri-iri. Baƙar tawadarsu kuwa, sumi, daga baƙin hayaƙi da wannan danƙo ake yin ta. Wanda ya taɓa haɗa tawadar allo da baƙin tukunya da ƙaro ya riga ya san asalin dabarar.

Ka matsa kusa da zanen nihonga gwargwadon yadda aka yarda, ka ɗan karkata kai ta gefe yadda hasken fitila zai kwanta a kansa. Za ka ga fuskar zanen ba santsi gare ta ba, tana da ƙananan ƙwayoyi masu ɗan walƙiya. Hoton waya ba ya kama wannan, littafi ma ba ya kamawa. Ko da wannan kaɗai ka gani, zuwanka bai faɗi ƙasa banza ba.

Kada dai a ɗauka nihonga tsohon abu ne da aka ci gaba da maimaitawa. Masu yin sa sun kalli zanen Turai da kyau, sun ɗauki haske da zurfi da girman allo daga can. Masu yoga su ma da yawansu sun dawo daga Paris suna tambayar kansu ko fentin mai zai iya kama hasken ƙasarsu da fatar mutanenta.

Yaya ake zuwa?

Da jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ka hau layin Tozai ka sauka a tashar Takebashi, ka fita ta ƙofa mai lamba 1b. Tafiyar minti 3 ce, ka haye gada, ginin yana hannunka na dama. Daga Otemachi, wadda ke haɗe da babbar tashar Tokyo, zango ɗaya ne. Katin biyan kuɗin jirgi na Suica ko Pasmo yana hutar da mutum sayen tikiti a kowace tasha.

Yaushe ake buɗewa, kuma nawa ake biya?

Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 5 na yamma, ran Juma'a da Asabar kuma har 8 na dare. Ana daina shigar da mutane saura minti 30 a rufe. Ran Litinin a rufe yake, sai in ta faɗo ranar hutu, a nan a buɗe a rufe washegari. Ana kuma rufewa a ƙarshen shekara da 'yan kwanakin da ake sauya kayan baje koli, saboda haka a leƙa shafinsu na intanet kafin a kama hanya.

Kuɗin shiga ɗakunan kayan gidan ya daɗe yana yen 500 ga babba, 250 ga ɗalibin jami'a, kuma yana raguwa bayan ƙarfe 5 a ranakun da ake kaiwa dare. Wanda bai kai shekara 18 ba da wanda ya kai 65 ba sa biya, amma a riƙe fasfo don shaida. Baje koli na musamman da ake yi a hawa na ƙasa tikitinsa daban ne, ya fi tsada nesa ba kusa ba, sai dai yakan haɗa da shiga ɗakunan sama a ranar. Ga mai zuwa karon farko, na yen 500 ɗin ya wadatar.

Daga ina zan fara?

Ka shiga lifta ka zarce hawa na 4, ka riƙa saukowa. Haka aka tsara shi: sama tsofaffi, kana sauka shekaru na matsowa, har ka iso hawa na 2 inda aikin 'yan shekarun nan yake. Ɗakin farko a hawa na 4 an keɓe shi ga fitattun ayyukan gidan, domin wanda ba shi da lokaci.

A wannan hawan akwai ɗakin hutu mai faffaɗar taga da kujeru a jere. Daga nan ana hango ramin ruwan da ya kewaye fadar sarki, da katangar duwatsu ta tsohuwar fadar Edo (sunan Tokyo na da), da itatuwa, can baya kuma dogayen benayen Marunouchi. Ka zauna minti 10 kafin ka sauka, ido ma yana gajiya.

Waɗanne zane-zane ne bai kamata in wuce su ba?

Zan ambaci huɗu, ba don su kaɗai ne masu daraja ba.

Na farko shi ne zanen hanya da Kishida Ryusei ya yi a 1915. Ƙarami ne, tsawonsa da faɗinsa duk ba su kai santimita 60 ba, kuma da sauƙi mutum ya gifta shi. Wata hanya ce ta jar ƙasa a Yoyogi, an yanka tudu an fitar da ita, tana hawa sama kamar za ta faɗo wa mai kallo. A hagu sabuwar farar katanga, a dama gaɓar tudun da aka sare, a sama shuɗin sararin samaniya tas. Babu mutum ko ɗaya. Sai wasu baƙaƙen layuka biyu da suka ratsa hanyar daga gefe, inuwar turakun wutar lantarki ne waɗanda su kansu ba su fito a zanen ba. Birni na cin daji ke nan, tun kafin ya iso. Yau wurin tsakiyar Tokyo ne. Kishida bai taɓa zuwa Turai ba, daga hotunan da ke cikin mujallu ya nazarci tsofaffin gwanayen can, kuma a ganina babu wani zanen mai a gidan da ya fi wannan ƙarfi.

Na biyu, naɗaɗɗen zanen Yokoyama Taikan na 1923, Seisei Ruten. Tsawonsa ya kai mita 40, baƙar tawada ce zalla a kan siliki, ba launi. Labarin ruwa yake bayarwa daga dama zuwa hagu: hazo a kan duwatsu, ya zama ɗigo, ya zama ƙorama, ya zama kogi yana ratsa ƙauyuka da masu saran itace da masunta, ya faɗa teku, igiyoyi su tashi, wani dodon ruwa ya fito ya hau sama, ruwan ya koma gajimare. Ranar da aka fara nuna shi ga jama'a a Ueno, 1 ga Satumba 1923, ita ce ranar babbar girgizar ƙasar Kanto da ta hallaka mutum sama da 100,000. Zanen ya tsira. Ba kasafai ake shimfiɗa shi gaba ɗaya ba, in ka dace da lokacin ka bi shi a ƙafa a hankali.

Na uku, Yuku Haru na Kawai Gyokudo, 1916. A kan labule biyu masu naɗewa aka yi shi, kowanne fuska 6. Kwazazzabon Nagatoro ne a ƙarshen bazarar Japan, jiragen ruwa 3 masu injin niƙa na ruwa a ɗaure, furen sakura, wato itacen ceri na Japan, na zubowa iska na ɗauke shi. Yawanci a Maris da Afrilu ake fito da shi.

Na huɗu, Michi na Higashiyama Kaii, 1950. Hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya tsakanin ciyawa kore, tana ɗan karkata dama a can ƙarshe. A gaɓar Tanesashi da ke arewa ya ga wurin, ya cire dawakai da hasumiyar da ke wajen, ya bar hanyar kaɗai. Shekara 5 ke nan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, shi kansa ya rasa iyayensa da ƙaninsa a 'yan shekarun, kuma mutanen ƙasar sun karɓi zanen hannu bibbiyu.

In akwai aikin Uemura Shoen a bango, a tsaya. Ita ce mace ta farko da aka ba lambar girma ta al'adu ta ƙasar, a 1948, kuma zanenta na uwa da ɗa na 1934 yana gidan.

Na zo don wani zane takamaimai ban same shi ba. Me ya faru?

Haske yana cin siliki da takarda, yana kashe launi. Saboda haka ba a barin nihonga a bango sai na 'yan makonni, a mayar da shi ɗakin ajiya ya huta. Ana sauya kayan ɗakunan sau da yawa a shekara, wasu kuma ana ba wasu gidaje aro. Shafin gidan yana wallafa jerin abin da ke bango a kowane zango. Zanen mai ya fi juriya, shi ya sa aka fi samun su.

An ce akwai zanen yaƙi a ciki. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma shi ne ɓangaren da nake roƙon kada a tsallake.

A lokacin yaƙin Japan da Sin da Yaƙin Duniya na Biyu, rundunar soja ta ɗauki fitattun masu zane aiki su zana fagen fama don a zagaya da su ƙasa a ƙarfafa gwiwar jama'a. Bayan Japan ta miƙa wuya a 1945, sojojin Amurka da suka mamaye ƙasar suka tattara zane 153, aka kwashe su zuwa Amurka a 1951. A 1970 aka dawo da su a matsayin aron da ba shi da wa'adi, aka damƙa wa wannan gida. Har yau a takarda aro ne. Ana fitar da 'yan kaɗan a lokaci guda, yawanci a hawa na 3.

Mafi shahara shi ne na Fujita Tsuguharu a kan faɗan da aka yi da sojojin Amurka a tsibirin Attu da ke yankin Alaska, 1943. A watan Mayun shekarar, sojojin Japan fiye da 2,000 da ke tsibirin suka ƙare kusan kakaf, waɗanda aka kama da rai ba su kai 30 ba. Zanen ƙato ne, launinsa na laka da duhu. Da farko ba ka ganin komai sai cunkoso, sai idonka ya saba ka fara rarrabe hannu, da baki a buɗe, da wuƙar bindiga, da gawa a ƙarƙashin ƙafa, har ba ka iya cewa wannan na wane ɓangare ne. Da aka zagaya da shi a lokacin, mutane sun riƙa tsayawa gabansa suna addu'a suna jefa kuɗi a akwati.

Fujita ɗin nan shi ne wanda Paris ta yi ta yabo a shekarun 1920 saboda farin launinsa mai laushi da zanen mata da kyanwoyi. Bayan yaƙi abokan sana'arsa suka nuna shi da yatsa, ya bar ƙasar a 1949 bai sake dawowa ba, ya zama ɗan Faransa a 1955, ya rasu a 1968. Wasu na cewa zanen farfaganda ne tsagwaronta, wasu na cewa duk wanda ya kalle shi da gaske zai tsani yaƙi. Ni ina ganin ya yi wa rundunar aikin da ta sa shi, kuma gwanintarsa ba ta wanke shi ba. Ya kamata mai kallo ya tuna da waɗanda ba a zana ba: mutanen Sin da Koriya da Filifin da sauran ƙasashen da sojojin nan suka taka. Amma na yaba wa gidan da bai ɓoye su a ɗakin ajiya ba.

Kusa da su sau da yawa akan rataye aikin waɗanda yaƙin ya cinye. Ai-Mitsu ya zana wani tulin abu mai kama da nama ko dutse a 1938, ido ɗaya na leƙowa daga tsakiyarsa. An ɗauke shi soja, ya rasu da ciwo a Shanghai a 1946, kuma da yawa daga ayyukansa sun ƙone a bam ɗin Hiroshima, jiharsa ta haihuwa.

Ba na jin Japananci. Zan fahimci wani abu?

Sosai. Sunan kowane aiki da shekararsa da kayan da aka yi shi da su suna rubuce da Ingilishi ma, haka bayanin da ke ƙofar kowane ɗaki. Wanda Faransanci ya fi ƙarfi a bakinsa zai iya ɗora kyamarar waya a kan rubutun manhajar fassara ta taimaka. Ka fara kallon zanen tukuna, ka duba shekarar, sannan ka karanta. Kuma a tuna, naɗaɗɗen zane da labule daga dama ake bin su.

Ni Musulmi ne. Akwai abin da zai dame ni a ciki?

Gara a faɗa maka tun daga waje. Akwai zanen tsiraici, musamman a ɓangaren yoga, domin makarantun Turai da shi suke koyar da surar jiki, Japanawa kuma suka ɗauko har da wannan. Biyu daga sanannun ayyukan gidan irinsu ne: na Yorozu Tetsugoro na 1912 da na Fujita na 1923. Akwai mutum-mutumin tagulla na mutane, akwai kuma 'yan zane masu alaƙa da addinin Buddha, kamar na Harada Naojiro na 1890. Ba wurin bauta ba ne, ba a yin wata ibada a ciki, ba kuma wanda zai ce ka tsaya gaban abin da ba ka so.

Maganar hukunci ta malamai ce, kowa ya tambayi wanda ya amince da iliminsa. Abin da zan iya faɗa shi ne, ɗakin nihonga da ke hawa na 3 mafi yawansa duwatsu ne da ruwa da tsuntsaye da furanni da mutane cikin sutura, hawa na 2 kuma galibi launi ne da layi da hotuna. Mai hijabi ba ta da wata matsala a ƙofa.

Ayyukan bayan yaƙi fa? Wasu kamar yaro ne ya watsa fenti.

Na san wannan jin, kuma ba laifi ba ne mutum ya ce wani aikin bai burge shi ba. Sai dai sanin yadda aka yi abu yakan sauya kallo. A 1954 wasu matasa a yankin Osaka suka kafa ƙungiyar Gutai a ƙarƙashin Yoshihara Jiro, wanda ya hore su da su yi abin da ba wanda ya taɓa yi. Sun taso a ƙasar da aka ce kowa ya bi umarni har mutuwa, suka ga inda hakan ya kai ta. Ɗayansu, Shiraga Kazuo, yakan shimfiɗa kanbas a ƙasa, ya zuba fenti, ya kama igiyar da ke rataye a rufi ya riƙa zamewa a kai da ƙafafunsa. In ka tsaya gaban aikinsa za ka ga sawun diddige da inda jiki ya juya.

Lee Ufan, haifaffen Koriya da ya zauna a Japan tun 1956, akasin haka ne. Yakan tsoma buroshi a shuɗin garin dutse da danƙo, kayan nihonga ke nan, ya ja layi daga sama zuwa ƙasa har launin ya ƙare, ya sake tsomawa ya ja wani a gefensa. Kowane layi da duhu yake farawa ya dusashe. Muhawarar da aka fara a hawa na 4 ba ta ƙare ba har nan.

Zan iya ɗaukar hoto? Me kuma aka hana?

A ɗakunan kayan gidan an yarda da hoto a yawancin ayyuka, ban da waɗanda aka liƙa wa alamar hani. Ba a kunna hasken kyamara, ba a kafa mata ƙafa, ba a ɗaukar bidiyo. Babbar jaka a saka ta a akwatin ajiya da ke ƙasa, lema kuma a bar ta a ma'ajiyarta a bakin ƙofa. Mai son rubutu ya zo da fensir, ba a son biro kusa da zane. Ba ci ba sha, ba amsa waya. Ba a cire takalmi. Magana ƙasa-ƙasa ake yi, kuma ba a ba ma'aikaci tukuici, yin hakan ma kunya zai sa shi.

Salla da abinci fa?

A tsara wannan tun kafin a fito. Akwai ɗan ɗakin salla a babbar tashar Tokyo, ta ƙofar Marunouchi ta arewa. Babban masallacin birnin, Tokyo Camii, wanda aka gina da salon Turkiyya aka buɗe a 2000, yana Yoyogi-Uehara: daga Takebashi ka koma Otemachi, ka sauya zuwa layin Chiyoda, shi zai kai ka kai tsaye. Akwai shagon kayan halal a harabarsa. Tsarin da ya fi daɗi ran Juma'a shi ne a yi salla a can, a ci abinci, a iso gidan zane da yamma tunda sai 8 ake rufewa.

A gidajen abinci na gari a yi hattara da romo da miya, domin naman alade da giyar girki suna shiga inda ba a zata ba.

Zan iya zuwa da yara?

Za ka iya, kuma kyauta suke shiga. Awa ɗaya ta ishe su. Ka ba su aiki, su nemo dabbobin da ke cikin zane ko su ƙirga jirage. A hawa na 2 akwai mutum-mutumin ƙarfe biyu na Antony Gormley, ɗaya a ciki ɗaya a waje, suna fuskantar juna gilashi a tsakaninsu, yara kan so shi. In sun gaji, gidan kimiyya yana cikin lambun Kitanomaru, 'yar tafiya kaɗan.

Wane lokaci na shekara ya fi?

Ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu, lokacin furen sakura. Gidan yakan fito da zane-zanen furanni a lokacin, kuma Chidorigafuchi, ɗaya daga wuraren da aka fi zuwa kallon furen, tafiyar ƙafa ce daga nan. Sai dai akwai cunkoso, masauki kuma yana tsada. Nuwamba ma tana da kyau, ganye ya yi ja, sanyi bai tsananta ba. Yuli da Agusta zafi ne mai gumi. Lambun gabas na fadar sarki yana tsallaken titi kuma kyauta ake shiga, amma a rufe yake ran Litinin da Juma'a.

In na ji daɗin wannan, ina kuma zan je?

Wanda nihonga ta kama shi ya je gidan Yamatane a Hiroo, a nan Tokyo, wanda tun 1966 ya keɓe kansa ga wannan fanni. Mai son Kusama Yayoi, mai zanen da ta shahara da ɗige-ɗige, wadda ita ma da nihonga ta fara a Kyoto, tana da gidanta a Shinjuku tun 2017, amma sai an sayi tikiti ta intanet tun da wuri, ba a sayarwa a ƙofa. A Kyoto akwai takwaran MOMAT a unguwar Okazaki, ya fi ƙarfi a aikin masu zanen yankin da sana'o'in hannu. Sashen sana'o'in hannu na MOMAT kansa, tangaran da saƙa da rini da aikin ƙarfe, an mayar da shi birnin Kanazawa a 2020, don haka kada a neme shi a Kitanomaru kamar yadda tsofaffin littattafan jagora ke nunawa. Wanda kuma Taikan ya shiga ransa, kuma yana da kwana biyu a hannu, ya nufi gidan Adachi a Yasugi, jihar Shimane, inda aka tara ayyukansa fiye da 100.